Ba Zan Aro Namiji Don A Ba Ni Ɗaki Ba

Zuwa ga Alhaji, mamallakin otal ɗin nan na bakin kogi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka, har da mutum biyun da suka sa na ɗauki alƙalami. Ba zan ambaci sunan otal ɗinka ba, ba zan kuma ambaci garin ba, don ba kasuwarka na zo karyawa ba. Otal ɗaya ne tak a garin, saboda haka ka san da kai nake. Na so a ce a waya muka kashe wannan magana, amma sau uku ina roƙon a haɗa ni da kai, ana ce mini Alhaji ba ya magana da baƙi. To ga ta nan a fili, wataƙila wani ya karanta ya kai maka.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Kaduna, ina zaune a Abakpa, saura mini 'yan shekaru kaɗan in ajiye aiki. Maigidana Allah ya yi masa rasuwa shekara huɗu ke nan. Mu uku ne a gidan yanzu: ni, da 'yata Hafsat mai koyarwa a wata firamare a Badarawa, da mahaifiyata, wadda muke kira Inna.

Ban sani ba ko kai ɗan garin ne, amma Inna a garin aka yanke mata cibiya. Mahaifinta mai fito ne, shi ke tsallakar da mutane a kwale-kwale ranar kasuwa tun ba a yi gada ba. Aure ya kawo ta Kaduna, ta tsufa a nan. Gidansu na can ambaliya ta cinye shi tuntuni, dangi suka watse, ɗan uwanta ɗaya da ya rage shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Na faɗi wannan ne saboda masu cewa me zai kai Bahaushiya otal a garin iyayenta. Wallahi da akwai ko zaure ɗaya na danginmu a tsaye, da ba ka taɓa jin labarina ba.

A farkon shekarar nan likita ya gaya mana hawan jinin ido ya gama da idon Inna na hagu. Na dama kuma ɗan abin da ya rage ake lallaɓawa da maganin ɗigawa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ba ta yi kuka ba. Da muka dawo gida na tambaye ta ko akwai abin da take so, ina tsammanin za ta ce Umara. Sai ta ce tana so ta ga kogin garinsu a cike, da damina, da safe kafin rana ta ɗaga. Na yi mata wayo irin namu na 'yan birni, na sa ta a mota na kai ta bakin Kogin Kaduna, tunda ga shi nan kusa. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Wannan ai kogin mutane ne. Mu koma gida."

Daga ranar muka shiga shiri. Hafsat ta gano hotunan otal ɗinka a waya, muka ga ɗaki a ƙasa, na can ƙarshe, tagarsa na kallon ruwa. Shi muke so, don Inna ba ta iya hawa bene, kuma ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa mai santsi. Na ja hutuna na shekara ya dace da dogon hutun makaranta, abin da sai da na yi ta kai da kawowa a ofis kafin ya yiwu. Na kai mota gareji, na tanadi magunguna, Inna ta sa aka ɗinka mata sabon zane. Kwana biyar muka yanke. Abin da ya rage kawai in kira a ajiye mana ɗakin, sai na kira. Ga abin da ya biyo baya.

Na farko. Mai karɓar baƙinku ya amsa mini da fara'a, ya ce ɗakin yana nan, babu wanda ya kama. Na ba shi sunana. Sai ya ce, "To Hajiya, sunan maigidan fa?" Na ce ya rasu. Ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ban raina ba. Bai ko sauke numfashi ba ya ɗora da cewa sai dai in yi haƙuri, ba ku ba mata zalla ɗaki. Na ce masa ɗaya daga cikinmu ta haura tamanin, ɗaya ta ba hamsin baya, ta ukun kuma 'yar cikina ce. Ya ce shi dai doka aka ba shi. Ban ga laifinsa sosai ba, ɗan aike ne. Na ce ya ba ni manaja.

Na biyu. Manajanka ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce lokacin da za a gina otal ɗin, dattawan gari da malamai sun karɓi alkawari cewa ba za a mayar musu da bakin kogi wurin masha'a ba, shi ya sa duk macen da za ta sauka sai namiji ya sa mata hannu a fom. Ranka ya daɗe, wannan alkawari na girmama shi. Ni ma ina da 'ya, ni ma ba na son ɓarna a unguwarmu. Da a nan ya tsaya, da na yi fushi na huce. Amma sai ya sassauta murya, irin ta wanda zai yi maka alfarma, ya ce, "Hajiya, abin ai ba wuya. Ko direban da zai kawo ku ne, ya rubuta sunansa a gurbin miji, shi ke nan. Ba mai bincike."

Da farko dai ni ke tuƙa motata, ba ni da direba. Amma a bar wannan. Abin da manajanka ya ce shi ne in je tasha in samo wani ƙato da ban san ubansa ba, in tsaya a gaban mahaifiyata da 'yata, in bari a rubuta shi a matsayin mijina, a gurbin mutumin da na yi shekara ashirin da shida da shi, na kuma yi masa takaba. Wai a haka ne zan zama mutuniyar kirki a idon otal ɗinka. Idan na faɗi gaskiya abin zargi ce ni, idan na yi ƙarya a miƙo mini makulli. Ina so ka kai wa dattawan nan da malamai wannan magana kamar yadda na rubuta ta, ka tambaye su ko alkawarin da suka karɓa ke nan. Idan kuma wani zai kawo mini batun muharrami, ya fara gaya mini yaushe direban tasha ya zama muharramina.

Na uku. Wa wannan doka take tarewa? Namiji ya zo da macen da ba tasa ba, ya rubuta sunansa, ya rubuta "da iyali", a ba shi ɗaki, har a ɗaukar masa jaka. Babu mai ce masa ya kawo shaida, manajanka da bakinsa ya ce ba mai bincike. Ashe ƙofar a buɗe take ga abin da aka ce ana gudu. Mu kaɗai aka rufe wa, mu da ba mu da abin ɓoyewa. Na tambayi manajan, idan maza uku suka zo, tsoho da ɗansa da jikansa, ana neman sa hannun matansu? Ya yi dariya ya ce, "Kai Hajiya, ke ma dai." Ni ban ga abin dariya ba, kuma har yau ina jiran amsa.

Ba alfahari nake ba, amma hannun nan da kuka ƙi, shi nake sawa a takardar hutun maza magidanta a ofishinmu, in ban sa ba babu inda za su. Ranar da maigidana ke kwance ba ya gane kowa, shi asibiti ya karɓa kafin a shiga da shi tiyata. Shi makarantar Hafsat ta karɓa tun daga lokacin har ta gama. Babu wanda ya ce in je in nemo wani. Sai a kan ɗakin kwana biyar ne hannuna ya zama bai isa ba.

Na huɗu, kuma wannan ya fi mini nauyin faɗi. Ina da ƙane a Rigasa, Bashir, autanmu. Da ya ji labarin ya zo har gida, ya ce, "Yaya, ki bar wahalar da kanki. Ni sai in bi ku in sa musu hannun, in juyo da yamma." Ba zan ɓoye maka ba, na kusa yarda. Na ce a raina, idon Inna ba zai jira zuciyata ta huce ba, mene ne a ciki in na haɗiye wannan kamar yadda na haɗiye wasu. Har na buɗe baki zan ce to.

Inna na zaune a tabarma tana jin mu. Ni 'yar fari ce, ba ta kama sunana, don haka sai ta ce, "Ke wannan, saurara." Ta juya wajen da take jin muryar Bashir ta ce, "Ni na haife ka, ni na yi maka tsarki, yau kai za ka tsaya mini a garin ubana? In babanmu na zazzaɓi, ni nake riƙe gora in tsallakar da mutane, maza da jakunansu. Ban ji wanda ya ce ba zai shiga ba sai an kawo namiji. Ka yi zamanka a Rigasa, Allah ya yi maka albarka." Bashir ya sunkuyar da kai, ni kuma kunya ta kama ni, don ita da ke da abin rasawa ba ta yarda ba, ni mai ido biyu har na fara lanƙwasa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake nema.

Ɗaya, a ajiye mana ɗakin nan na ƙasa da sunana, da katin shaidata, da sa hannuna. Duk abin da kuke tambayar namiji ku tambaye ni, zan amsa. Abin da ba ku tambayarsa kada ku tambaye ni.

Biyu, ka zauna da dattawan gari ku sake duba wannan doka. Idan tsare mutuncin gari ake so, akwai hanyoyin da ba sai an koya wa matan kirki ƙarya ba. Na tabbata ba ni ce ta farko ba. Akwai malamar asibiti da aiki zai kawo, akwai mai zuwa gaisuwar mutuwa, akwai 'yar kasuwa da ruwa ya tare. Su sun yi shiru sun juya ne kawai, ko kuma sun aro direban.

Uku, ban ce a kori kowa ba. Manajanka yana da iyali, kuma a zatonsa taimakona ya yi. A dai gaya masa kada ya ƙara ba matar da mijinta ya rasu irin wannan shawara.

Sai kuma in sanar da kai abin da ba roƙo ba ne. Asabar ta farko bayan an rufe makarantu, in Allah ya kai mu, za mu iso da hantsi, mu uku. Zan tsaya a gaban teburinku in ba da sunana. Idan an ba mu ɗakin, za mu gode, mu zauna lafiya, mu tafi lafiya, in kuma sake rubutu in faɗi alherinka a inda na faɗi wannan. Idan an hana, ba zan ɗaga murya ba. Katangarka tana da iyaka, kogin kuwa ba kai ka haƙa shi ba. Zan riƙe hannun Inna mu zagaya ta bayan katangar a hankali, ko da santsi, in shimfiɗa mata tabarma a kan yashi, Hafsat ta riƙe mata lema. Duk baƙonka da ya leƙo ta taga ya tambayi me tsohuwar nan take yi a cikin yayyafi, zan gaya masa dalili, da sunan wanda ya jawo.

Kada a ce mini a bari sai an yi taro, ko sai baɗi. Shekaranjiya da safe na miƙa wa Inna kofin kunu, ta kai hannu ta kama iska a gefensa. Ta yi kamar ba komai, ni ma na yi kamar ban gani ba. Watan da ya wuce ba ta yin haka.

Ina roƙon Allah ya yi wa kasuwancinka albarka, ya tsare ka daga haƙƙin wanda ba ka sani ba. Idan mahaifiyarka na raye, Allah ya ja da ranta, ya bar mata ganinta har ƙarshe. Idan ta rasu, Allah ya haskaka kabarinta. 'Ya'yanka mata kuma, Allah ya sa duk inda suka tsaya su faɗi sunansu, ya wadatar.

A sa a share ɗakin, a kuma goge gilashin tagar da kyau, don ba ta gani sosai.

Wassalam.

Hajiya Rakiya,
Abakpa, Kaduna.