Mangazar da aka killace mu, ni da Yaya Rabi

Zuwa ga mai girma jami'in da ya kula da wurin killace matafiya inda aka ajiye mu a shekarar korona.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Saude, tsohuwar malamar lakol ce ni, wato makarantar boko, a Cadawa. Na daɗe ina ɗaga wannan wasiƙa, don ban so in rubuta ta cikin fushi.

Mahaifinmu daga ƙasar Katsina ya zo. Tun muna yara, duk shekara in an gama girbi, ni da yayata Rabi mukan tsallaka iyaka mu gaida danginsa. Da can a bayan motar kaya muke tafiya, bisa buhunan gero, Yaya ta riƙe ni da hannu ɗaya, ɗayan yana kan galan ɗin man gyaɗar da za mu kai tsaraba. Ba mai tambayarmu takarda. Mun yi aure, mun yi jikoki, ba mu fasa ba. Ita ta san sunan kowane ƙauye a hanya da wanda ya mutu a cikinsa bara, ni kuwa barci nake yi a kafaɗarta har mu isa.

A waccan shekara muna can aka rufe iyaka. Da muka samu dawowa, jandarma suka kai mu wurinku, aka ce sai mun yi sati biyu. Ba mu yi gardama ba. Ga abin da na gani.

Na ɗaya: ɗakin da aka zuba mu, mu mata, tsohuwar mangaza ce, wato ɗakin ajiyar hatsi. Tagoginta ƙanana ne, can sama kusa da kwano, kuma an toshe su da katako tun zamanin da ake gudun ɓarayi. Ƙofar ma rufe take wuni, wai kada wata ta gudu.

Na biyu: an gwada mu ranar shiga, an ce ni da Yaya ba mu da komai. A ƙarshen ɗakin akwai wata baiwar Allah mai tari, ana jiran sakamakonta. Duk abin da kuka ce mun yi. Tabarmarmu nesa da tata, kowa da kofinsa, hannu kuwa mun wanke shi har ya tsattsage. Amma fanka ɗaya ce a ɗakin, tana bayan mai tarin, tana turo iska wajenmu.

Na uku: na same ka a buro, wato ofishinka, da kaina, ranka ya daɗe, na roƙa a ɓalle katakon ko a bar mu mu zauna ƙarƙashin itacen bedin da ke tsakar wurin. Ka saurare ni da mutunci, ka ce umarni daga sama yake, kuma tunda ba mu taɓa mai tarin babu abin tsoro.

Kwanakin farko ba su yi mana ɗaci ba, ina faɗa don gaskiya. Yaya ta yi wa matan ɗakin kitso, ta ba su labarin kakarmu da ke tafiya Katsina a ƙasa. Rabona da in kwana kusa da ita haka tun muna ɗakin Inna. Kwana na tara zazzaɓi ya kama ta, numfashi ya fara yi mata wuya, aka ɗauke ta zuwa likita. Ban sake ganin ta ba. Ma'aikaciyar da ta yi jinyarta ta gaya mini daga baya cewa maganarta ta ƙarshe tambaya ce: “Saude fa, ita ma tana tari?”

Na san kwanan Yaya ne ya ƙare, kuma na san kun yi aiki a lokacin da kowa ke cikin ruɗani. Amma lafiya lau ta shiga ɗakin nan, kuma iskarsa ce ta ba ta ciwon. Don haka ina roƙon in Allah ya sake kawo irin wannan, kada a killace kowa a inda iska ba ta ratsawa, kuma a ware mai tari tun ranar farko, ba sai takardar sakamako ta fito ba.

Roƙona na ƙarshe naka ne kai kaɗai. Har yau ba wanda ya zo daga wurinku ya yi wa 'ya'yanta gaisuwa. Gidan yana bayan kasuwar Cadawa, duk wanda ka tambaya gidan Rabi mai man gyaɗa zai nuna maka. Ba za mu tsare ka da tambayoyi ba. Ka zo mu yi mata addu'a tare.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare naka, ya jiƙan namu.

Wassalam.

Saude, Cadawa.