Wanda Zai Zuba wa Dutse Giya

9 ga Janairu

Zuwa ga matata Sayoko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya ƙafar da kika ce tana kumbura? Ki gaishe min da Mama da Baba, ki ce na gode da ɗawainiyar da suke yi. Tun da kika tafi gida haihuwa ɗakin nan ya yi min girma.

Takardar bindiga ta fito. Shekara guda cur ina zarya. 'Yan sanda sun tambayi maƙwabta ko ina shaye-shaye, ko ina dukanki. Tsohuwa mai sayar da tofu, awarar nan, ta ce musu laifina ɗaya ne, ba na magana.

Ranar Lahadi na je tsibirin Kosegi wajen Kaka Tome, na dawo raina a ɓace. Kabejin da ta dasa layi shida, babu ko ganye. Dankalin da ta yayyanka ta shanya, bareyi sun ture ragar sun cinye. Tarun kamun kifi da na kewaye mata gona da shi bara, tsallake shi suke yi kamar wasa. Mutum tara suka rage a tsibirin, ƙaraminsu shekararsa saba'in da huɗu, barewa kuwa ta haura ɗari biyu. Na ga ɗaya a bakin ƙofa tana kallon Kaka tana tauna, ko gezau.

Baffa Masaharu ya ce in aka sake cinye shukar bana, zai ɗauke uwarsa ya kai ta gidan tsofaffi a birni. Har takardar cikewa ya karɓo. Kaka ta ce masa, "Ajiye ta a bakin gona, barewa ta ci, ita ce ba ta zaɓen abinci." Na yi dariya, amma na san Baffa. Tun rasuwar babana maganarsa ce ake bi.

Don haka na je wajen Dattijo Tsuruoka, shugaban maharban garin nan. Sau uku ina zuwa yana gyaran igiyar karnuka, ko kallona bai yi ba. Na huɗu ya ce to. Za mu tafi sha ɗaya ga Fabrairu, kwana huɗu kafin a rufe farauta, maharba shida da karnuka huɗu, a jirgin ruwan Gengo. Ni mai kora ne, ba mai harbi ba. Ya ce, "Sabon shiga haushi yake yi tare da karnuka shekara uku. Ka iya haushi, jikan Tome?" Na ce zan koya. Bai dame ni ba. Ni dai a rage barewar.

Da zan fita ya tambaye ni yaushe za ki sauka. Na ce ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Ya ƙirga da yatsu, ya koma kan igiyar karnukansa.

Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Mijinki,
Tokuji

22 ga Janairu

Sayoko,

Ina gaishe ki, ina gaida su Mama. Na ji daɗi da kika ce kumburin ya ragu. Ki yi haƙuri da rubutuna yau, hannuna ne ke danna biro fiye da kima.

Na gano abin da Dattijo yake ƙirgawa. Maharba suna da doka biyu da ba wanda ya gaya min. Ta farko, mutumin da aka yi wa haihuwa ba ya hawa dutse sai ya cika kwana ashirin da ɗaya. Ba ya shiga jirginsu, ba ya cin abin da aka dafa a wutarsu. Wai Uwar Dutse, abar bautarsu, ba ta son jinin haihuwa, in ta ji warinsa sai ta ɓoye nama ko ta karya wani. Ta biyu, baƙi ba sa harbi a dutsen wani gari sai ɗan garin ya hau wurin bauta na can sama, ya zuba giyar shinkafa da gishiri, ya nema musu izini. Tsofaffin maza biyu da suka rage a Kosegi ko matattakalar gidansu da ƙyar suke hawa. Kin ga ke nan saura ni da Baffa, mu da aka haifa a can.

Kin san wanda ya je ya tuna wa Dattijo dokar farko? Baffa. Mutumin da rabonsa da wurin bauta tun bikin aurensa, shi ne ya sa kwat ya ɗauki kwalbar giya ya tafi gidan Dattijo, wai yana tsoron kada ɗan ɗan'uwansa ya jawo wa mutane masifa. Ya ce cikin fari yakan zo da wuri. Gengo ne ya ba ni labari a garejin da nake aiki, ina kwance a ƙarƙashin injinsa. Ya ce, "Baffanka ya zama ungozoma, har watannin matarka ya sani."

Na wanke hannu na tafi kantin Baffa. Na ce, "Baffa, in haihuwa ta hana ni, kai ka hau ka zuba musu giyar. Kai ma a can aka haife ka." Ya ci gaba da jera gwangwani. Ya ce, "Kai yaro ne. Za ku kashe goma, ɗari da casa'in su yi muku dariya. Ranar da uwata ta faɗi a gona ba kowa, kai za a kira ko ni?" Na ce ta ce ba ta son tafiya. Ya ce, "Ita ma barewar ba ta son harsashi."

Ban ɗaga murya ba, kin san ni. Amma na tsaya har sai da ya rasa gwangwanin jerawa. Ban ce maganarsa ƙarya ce duka ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne bai yarda da Uwar Dutse ba ko kaɗan, aron ta ya yi don ya ɗaure ni.

Shiri dai ina yi. Na sayi gishiri da igiya, na yi magana da gidan ƙanƙara saboda nama. Na zana tsibirin a bayan kalanda, duk hanyar da na ga barewa na bi cikin shekarar nan. Ba ta kwarin gabas suke gudu ba kamar yadda kowa ke zato, ta tsohuwar makaranta suke sauka bakin ruwa. Na ga kashinsu da sawunsu sau tara.

Ki ce wa na cikin nan ya yi zamansa, waje sanyi ake yi.

Naki,
Tokuji

7 ga Fabrairu

Sayoko, uwar 'yata,

Sannu, sannu da ƙoƙari. Yaya jikin? Yaya yarinya, tana kama nono? Mama ta ce goshina ta ɗauko, ki ba ta haƙuri a madadina. Teku ya hana jirgin fasinja tashi kwana biyu, an ce gobe zai tashi, ina cikinsa. Na rubuto ne don akwai abin da ba zan iya faɗa ba su Mama na tsaye a kanmu.

Da kika rage murya a waya kika ce ba wanda ya sani a garin nan, in yi shiru har a dawo daga farauta, na san don Kaka kika faɗa. Na riƙe maganar yini guda. Na je gareji, na ci abinci da mutane, ban ce uffan ba. Kwana shida kacal kafin tafiyar, Sayoko. Da ta ƙara kwana shida a ciki, da shi ke nan.

Amma kin san mutumin nan mai sayar da tikiti a tashar jirgi, wanda ake kira Mai Karya Ƙafa? Shekararsa hamsin. Ubansa ne ya ɓoye haihuwarsa ya bi maharba, wani ya faɗa rami. Shi yana cikin zanen goyo a lokacin, har yau sunan na bin sa. Dutsen Kosegi duk santsi ne. In kare ya mutu ko wani ya gurɗe, ba ni za a kira da suna ba, 'yarmu za a kira. Ban yarda ta fara duniya da wannan ba.

Na je na faɗa wa Dattijo. Ya ja da baya taku biyu kafin ya ce barka. Ya ce, "Mace ko namiji?" Na ce mace. Ya ce, "To ta fi ubanta sauri." Sauran suka yi dariya. Na ce tafiyar fa? Ya ce babu mai zuba giya, babu tafiya. Kwanakina za su cika ashirin da shida ga wata, an rufe farauta tun sha biyar.

Na miƙa masa zanen tsibirin, na ce ko ba ni a yi amfani da shi. Ya ƙi karɓa daga hannuna. Ya sa na ajiye a ƙasa, ya watsa masa gishiri, sannan ya ɗauka da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Aikin shekara guda. Na tsaya ina kallo. 'Yata kwananta biyu a duniya, tsofaffi shida masu bindiga suna tsoronta.

Na koma wajen Baffa, na durƙusa har goshina ya taɓa ƙasa a cikin kantinsa, gaban masu sayayya. Ya ce in tashi ina tare hanya, ya miƙo min ambulan na barka. Na ajiye masa a kan teburi. Ki yafe min, na san kuɗin yarinya ne.

Sai na zo. Ki shafa min kanta.

Tokuji

16 ga Fabrairu

Sayoko,

Gaisuwa gare ki da 'yarmu Mitsuyo, da su Mama. Ina fatan cibiyar ta bushe. Tun da na baro ku hannuna ke jin nauyinta.

An yi farautar, ba ni. Da na gaya wa Kaka a waya an fasa, ta ce in ba ta lambar Dattijo. Gengo yana wurin Dattijo lokacin da ta kira, ya ce har daga ƙofa ana jin muryarta. Dattijo ya ce mata mace ba ta hawa dutse ranar farauta. Ta ce, "Kai Tsuruoka, na daina zama mace a wajen Uwar Dutse tun kana fitsarin kwance. Ni da ita tsofaffi biyu ne a tsibiri ɗaya, mun san juna." Sai ya ce to ta hau kwana guda kafin su zo.

Ban san za ta hau ba sai da aka gama. Da na sani da na hana, na rantse miki. Matattakala ɗari uku da wani abu, mace mai shekara tamanin da ɗaya, da sanda da kwalbar giya a ɗaure a baya. Ta hau, ta zuba, ta nema musu izini. A saukowa gwiwarta ta goce. Da jan gindi ta ƙarasa gida.

Ranar tafiya na je tasha na tsaya nesa, don ko igiyar jirgin an ce kada in taɓa. Sun kashe goma sha huɗu, tara a bakin tsohuwar makaranta, daidai inda na zana. Dattijo ya gaya wa mutane Uwar Dutse ce ta yi musu kyauta. Da za su dawo suka ɗauko Kaka a jirgin, kwance kusa da naman.

Tana asibitin garin nan. Ƙashi bai karye ba, amma likita ya ce ba za ta koma ta zauna ita kaɗai ba. Baffa ya same ni a barandar asibiti da takardarsa a cike, har da hatimi. Ya ce, "Ga farautarka nan." Da ya hau dutsen nan, minti arba'in ne a wajensa. Da Dattijo ya bar ni, rabin haka ne a wajena. Maza biyu masu ƙafa, aka bar tsohuwa ta hau. Ina jin haushin Baffa, ina jin haushin Dattijo, kuma in na zauna shiru sai in ji haushin gaskiyar da na je na faɗa, ko da yake gobe ma ita zan faɗa.

Kaka ba ta yi kuka ba. Tambayata ta yi ko an rufe ramin da take ajiye irin dankali, kada sanyi ya shiga. Ta ce farkon Afrilu ake binne shi ya tsiro.

Na koma wajen likita ni kaɗai, na sa ya maimaita maganarsa a hankali. Bai ce ba za ta koma ba. Cewa ya yi ba ita kaɗai ba. Shi ne nake tunanin mu koma can mu zauna da ita, ni da ke da yarinya. Na tambayi maigidana a gareji, ya ce injinan masunta na tsibiran can ma suna lalacewa, zai riƙa turo min aiki in ina so. Gidan Kaka ɗaki huɗu ne, biyu rufinsu lafiya. Babu likita, babu kanti, jirgi sau biyu a mako in teku ya yarda. Babu wani yaro a tsibirin. Ba zan yi miki ƙarya in ce wuri ne mai sauƙi ga mai jego ba.

Baffa zai kai takardar ranar ɗaya ga Maris. Ban gaya masa komai ba, ban gaya wa Kaka ba, don kada ta sa rai. Ke kika ɗauki cikin nan, ke za ki yi wankin zanen goyo da ruwan rijiya. In kika ce a'a, ba zan sake tayar da maganar ba, ba kuma zan riƙe ki da ita ba. In kika ce e, ki bugo gareji kafin ƙarshen wata, in je in sami Baffa a kantinsa. Wannan karon a tsaye zan yi masa magana.

Ina jiran ta bakinki.

Mijinki,
Tokuji