Hajiyarmu ta hana ƙanena hawa keken tserensa na hannu

Assalamu alaikum. Admin a sakaya sunana, 'yan'uwa don Allah ku ba ni shawara.

Ni dilan hatsi ne a Rano, da gumina na tsaya da ƙafata, ban saba kai wa kowa kuka ba, amma wannan ta fi ƙarfina. Ƙanena ɗan tseren keke ne, sana'arsa ke nan, har wasu jihohi ake kai shi gasa. Shekarun baya mota ta buge shi yana atisaye, ƙafafunsa suka daina aiki. Tun daga nan ya shige ɗaki, abinci sai an yi da gaske, magana kuwa sai dai ido.

Kwanakin baya tsohon kocinsa ya samo masa keken tsere na hannu, wanda ake kishingiɗa a ciki ana murzawa da hannu, ya ce nakasassu ma suna da gasarsu. Wallahi ranar da ya hau na fara jin dariyarsa tun bayan hatsarin. Kullum da sassafe nake binsa a babur a titin Kibiya, ya dawo ya share kwanon ɗumame.

Wata rana ban samu raka shi ba, ya tsaya hutawa a bakin titi wajen Fammar, wani Alhaji ya tsayar da mota ya miƙa masa sadaka, ya ɗauka mabaraci ne a keken guragu. Shi ko a jikinsa, ya yi godiya ya mayar. Amma wata a motar ta gane shi, kafin la'asar labari ya iske Hajiyarmu wai ɗanta ya fara bara.

Ta yi kuka, ta ce titi ya cinye masa ƙafafu, yanzu kuma zai cinye mutuncin gidanmu. Ta kira ni ta ce, "Babba, in ka sake fitar da shi a keken nan ban yafe maka ba."

Na turo kawunmu, na turo limamin unguwa, ta ce su bar ta da ɗanta. Keken yana shagona bayan buhunan masara, shi kuma ya koma ɗaki. Koci ya ce an kusa shiga kam, wato sansanin horar da 'yan gasa, in bai je ba wani za a saka a gurbinsa.

Jiya na kai masa abinci, bai ko kalli kwanon ba ya ce, "Yaya, ka sayar da keken kawai, kai ka san kasuwa."

In saɓa wa mahaifiyata in kai shi, ko in zuba ido ya ƙare a ɗakin nan? Ya zan yi?