Igiyar Bhele

Gqeberha, 4 ga Mayu

Zuwa ga yayana, Bhuti Mzwandile,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Sisi Nonceba da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Na san ba ka je asibiti ba, halinka ne.

Ba labari mai daɗi na kawo ba. Bhele, karen da Mama ta bar mana, ya yage wandon maƙwabcinmu Mista Naidoo a bakin ƙofa. Bai taɓa fatarsa ba, amma mutumin shi ne shugaban kwamitin gidajenmu, sun kuma ba mu mako takwas: ko takardar shaidar horo, ko kare ya bar gidan. Bhuti, shi kaɗai ya rage mini da ke tuna mini da Mama, in suka raba ni da shi ban san yadda zan yi ba.

Mun je makarantar horar da karnuka ta wata Madam Fortuin. Dokarta ita ce duk wanda ke kwana gida ɗaya da kare sai ya zo darasi, don haka tare da Babalwa muka tafi. Akwai tuta mai launin bakan gizo a ƙofarta, alamar maraba da ma'aurata irinmu, na ce a raina tuta ai ba wuyar saye. Da aka miƙo takardar rajista, a gaban sunan Babalwa na rubuta "'yar'uwa". Matata ta shekara huɗu, wadda kai da kanka ka yanka rago ranar aurenmu. Babalwa ta gani, ta kau da kai, ni kuwa da ta zage ni ya fi mini sauƙi. Ka san dukan da aka yi wa ƙawarmu Lulama a tashar mota saboda irinmu ce, tun daga nan na koyi taka-tsantsan. Duk da haka kunya ta ishe ni.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Phumeza

Gqeberha, 19 ga Yuni

Bhuti Mzwandile,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ka kwantar da hankalinka, Bhele yana nan, yanzu haka yana kwance a kan ƙafata.

Madam Fortuin ɗin nan ba kare take fara kallo ba, igiya take kallo. Ranar farko ta sa mu zagaya fili mu uku, ma'aikatanta suna wucewa ta gabanmu ɗaya bayan ɗaya, Bhele yana zabura yana haushi kamar zai ci mutum. Sai ta ja mu gefe. Ta ce ta ƙirga sau tara, duk lokacin da baƙo ya tunkaro sai in matsa nesa da Babalwa, in naɗe igiya a hannu, shi kuma kare ya ɗauka abokin gaba ne ya zo.

"Sisi Phumeza, karenki lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Ke ce kike gaya masa akwai haɗari. Yadda kuke tafiya a tsakar gidanku, haka nake so ku yi a nan. Filina ne, wanda bai so gani ba ga hanya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe ba tutar kaɗai gare ta ba. Kowace Lahadi da safe tana tara ma'aurata irinmu a bakin teku, kyauta, mu yi tafiya da karnukanmu, ita da mijinta da ma'aikatanta suna tare da mu. Can na ga wasu tsofaffin maza biyu da ɗan karensu mai ƙafa uku, suna faɗa kan wa ya manta ruwa, kamar kai da Sisi Nonceba. Lahadi ta farko hannuna har zufa yake yi a cikin na Babalwa. Ta uku na manta ma ina riƙe da shi. Ba zan yi maka ƙarya ba, a tashar mota har yanzu ina duba hagu da dama, Madam Fortuin ma ta ce wannan hankali ne, kada in bari.

Jiya aka yi gwajin. Mista Naidoo ya ce sai ya gani da idonsa, ya zo da wani wando mai kauri, na ma'aikatan gini. Ya tunkaro mu, amma ban matsa ba, na bar igiyar a sake. Bhele ya sunsuna takalminsa, ya yi hamma, ya zauna. Mutumin ya sa hannu a takarda, ni kuma na fashe da kuka a gaban kowa.

A hanyar gida, da muka kusa isa, Babalwa ta ce, "Shekara huɗu ina gaya miki kina guduna a titi, ba ki ji ba. Sai da kare ya yage wando." Dariya take yi, amma idonta ya cika da ƙwalla. Na ba ta haƙuri, abin da ya kamata in yi tun tuni.

Ka je asibiti, don Allah. Babalwa tana gaishe ku.

Taka har kullum,
Phumeza