Tulun Da Ya Faɗo Kan Rumbun Jafaru

Babban Mutum,
4 ga Nuwamba, 2003.

Zuwa ga Yaya Mainasara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin koyarwa. Mu ma muna nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Ranar Laraba bayan la'asar wani ƙarfe ya faɗo kan rumbun maƙwabcinmu Jafaru. Mun ji ƙara kamar tsawa, alhali ko hadari babu. Gero dami sittin ya ƙone ƙurmus. Da wuta ta mutu aka ga abin, kamar tulu marar baki, duk ya yi baƙi ƙirin. Mai unguwa ya sa aka kawo shi zaurenmu, tunda maigidana Badaru shi ne maƙerin unguwa.

Jafaru kuwa sai ya tafi kotu. Ka san rigimarsu da Badaru ta iyakar gona. Wai Badaru ne ya gasa ƙarfen a maƙera ya jefo ta katanga. Ƙarfen da sai ƙarti uku suke ɗagawa! Jafaru ba shi da shaida, don haka alƙali ya ba da kwana arba'in. In ba a gano inda abin ya fito ba, Badaru zai rantse da Alƙur'ani. Ka san garin nan, duk wanda ya taɓa rantsuwa a kotu, ko da gaskiyarsa, sai mutane su janye jiki daga gare shi. Don Allah ka nemo mana wanda ya san irin waɗannan abubuwa.

Ni dai na goge tulun tas da toka da yashi, kada baƙi su zo kallo su tarar da ƙazanta a zaurena.

Ƙanwarka,
Shatu.

Babban Mutum,
23 ga Nuwamba, 2003.

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida su Hadijatu. Yaya jikin ƙaramin?

Malamin jami'ar da ka turo ya zo. Ya ce tankin mai ne na tauraron ɗan'adam, irin waɗanda ake harbawa sama su riƙa zagaya duniya. In sun tsufa sai su rikito, yawancinsu su ƙone a hanya. Ya auna shi, ya ɗauki hoto, sannan ya shiga neman lambar da masu ƙera shi suke rubutawa a jiki. Bai samu komai ba sai shatin yashi.

Ya tambayi wanda ya taɓa shi, na aika daga cikin gida cewa ni ce. Bai yi faɗa ba. An ce gilashinsa kawai ya cire, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce da lambar tana nan, da mako guda ya isa a gano masu shi. Yanzu sai an bi rana da sa'ar da ya faɗo, a gwada da jerin waɗanda suka rikito a lokacin. Alƙali kuma takarda mai hatimi yake so, ba maganar baki ba.

Badaru ya ji maganar gogewar, ya koma maƙerarsa abinsa. Na fi son ya yi faɗa.

Taka,
Shatu.

Babban Mutum,
19 ga Disamba, 2003.

Yaya,

Gaisuwa irin ta kullum, Allah Ya sa kuna lafiya.

Wa'adi ya cika ranar Litinin. Badaru ya yi alwala, ya ɗauki Alƙur'ani a gaban jama'a, ya rantse, aka kori ƙarar. Takardar malamin ta iso ranar Alhamis. Ta ce tankin na wani tauraro ne da wata ƙasa can bayan teku ta harba, ta gama amfani da shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ba ma lallai ba ne masu shi sun san ya faɗo.

Tun Litinin ba wanda ya kawo ko lauje gyara. Badaru yana hura wuta da safe, ya zauna, ta mutu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na san rabona a cikin laifin.

Yau bayan sallar Juma'a Badaru ya kai takardar ƙofar masallaci aka karanta wa jama'a. Sun saurara har ƙarshe. Sai wani dattijo ya tambaya, wai in da gaske daga sama abin ya faɗo, me ya kai Badaru rantsuwa? Mutane suka gyaɗa kai, kowa ya nemi takalminsa.

Ka gaida malamin, ka ce mun gode. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Shatu.