Farin yadin Baba

Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin Baba? Ya Inna da yara? Ruwan Binuwai ya janye, ko har yanzu jirgi na zuwa Garwa?

Ni lafiya lau, sai kunya da ta hana ni sakat. Da zan taso da Baturen da nake wa girki, Baba ya ce in saya masa yadin likkafaninsa a Ikko in aiko. Na saya, mai kyau kuwa. A Lome na haɗu da wani falke mutumin Garwa, ya ce in kawo kafin la'asar ya kai gida. Sai na shiga gari kallon benaye da masu kwale-kwale, har jirginmu ya yi kuka ban koma wurinsa ba.

Da muka wuce tsibiran Kanariya, sanyin teku ya sauko, haƙorana har haɗuwa suke. Yaya, kwance yadin nan na yi na lulluɓa da shi. Kwana tara ina maƙale a gindin bututun hayaƙi. Yadin ya yi baƙi ƙirin, gefe ɗaya ya ƙone. Sau uku na wanke shi a nan Hambur, birnin Turawan da muka sauka, bai fita ba.

Ka gai da Inna da maƙwabta. Baba kuwa, ka ce masa saƙonsa na hanya. Ku taya ni roƙon Allah Ya ja kwanansa har in dawo da wani, tunda na riga shi shiga wannan.

Ƙaninka,
Sule