Ciwon Gwiwar Mama Murmushi Yake Sa Ni

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni. Mahaifiyata ta fara haɗa kayanta za ta bar gidana, ni kuma wallahi ko ƙarfin rarrashi ba ni da shi.

Ni nas ce, a ɗakin masu tsananin ciwo nake aiki, inda na'ura ke yi wa mutum numfashi. Majinyatanmu ba sa magana, bututu ne a maƙogwaronsu. Mu ne masu zuƙe musu majina, mu goge musu baki, mu juya su kada bayansu ya yi gyambo, ido kuma yana kan allon na'ura ko ruwa kike sha. Ƙarar na'urorin nan har gida take bi na. Kwanaki injin wanki ya yi ƙara na zabura a guje, 'yata ta yi ta ƙyalƙyala mini dariya.

To, a wurinmu ranar da majinyaci ya fara mita, ranar murna ce. In aka cire bututu ya ce katifa ta yi tauri, sai mu kalli juna mu yi hamdala, don mai ƙorafi ya kama hanyar gida. Akwai dattijon da ya farfaɗo, bai fara da komai ba sai faɗan wa ya ɗauke masa tabarau. Har tafi muka yi masa.

Ashe na kwaso halin nan zuwa gida ban sani ba. Mama tana wurina tun rasuwar babanmu, gwiwa ke damunta. Ina shigowa, kafin in cire takalmi ta fara: yau ta hana ta tsugunawa, yau kamar ana soka mata allura. Ni kuwa sai in dube ta, tana zaune da kanta, numfashi ƙalau, murya tar. Sai in ji sanyi a raina, in yi murmushi in ce alhamdulillahi, in wuce wanka.

Shekaranjiya muka rasa wata mata sa'ar Mama. Ni na cire mata 'yan kunne na miƙa wa 'yarta a bakin ƙofa. Na dawo gida jikina kamar an yi mini duka. Mama ta kamo hannuna tana ba ni labarin ta yi mafarki da Baba, can sai ta fizge hannunta. Ashe yatsuna sun sauka kan jijiyar hannunta, idona yana kan agogon bango, bugun nake ƙirgawa. Wallahi ban san na yi ba. Ta ce ita ba gado mai lamba ba ce. Ta kira ƙanena ta ce masa ciwonta dariya yake ba ni, ya zo ya ɗauke ta ƙarshen mako. Gidansa kuma saman bene ne, gwiwar nan ba za ta iya matakalar ba, ɗaki kawai zai cinye ta.

Anti, ban taɓa kawo maganar aiki gida ba, ina zan fara? Na gaji. Wani lokacin sai in ji kamar tausayin duk na rabar a asibiti, na gida ya ƙare.

Daga 'yarki, Mai Kwana da Gajiya.

'Yata, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Tausayinki bai ƙare ba. Wadda tausayinta ya ƙare ba ta damuwa da matakalar gidan ƙanenta. Gajiya ce ta cinye ki, sai kuma tsoro. Kin miƙa wa wata 'yan kunnen uwarta, kin dawo gida hannunki ya tafi neman tabbacin taki tana nan.

Amma Mama ma tana da gaskiya. Ba ta taɓa shiga ɗakinku na asibiti ba, ba ta san ma'aunin da kike auna ta da shi ba. Abin da ta gani shi ne ta ce wayyo, 'yarta ta yi murmushi. Ciwon da ba ya kisa ma ciwo ne. Kuma tsohuwar da ta wuni ita kaɗai bayan rasuwar mijinta, rabin ƙorafin gwiwarta hira take nema.

Kada ki bari ƙarshen mako ya zo. Ki zauna da ita yau, ki ba ta labarin dattijon tabarau, sannan na matar shekaranjiya, ba sai kin ambaci suna ba. Ki faɗa mata da bakinki cewa mitarta ce muryar da kika fi son ji in kin buɗe ƙofa. Ki ba ta haƙuri, kada ki tsaya kare kanki.

Ku yi yarjejeniya: in kin dawo, ta bar ki ki yi wanka ki huta kaɗan, sannan ki zo da man zafi ki murza mata gwiwar tana ba ki labari. Ki kai ta wurin likitan ƙashi, ki zauna a benci ki bar shi ya yi aikinsa, ke rakiya kika yi. Ki kira ƙanenki ki yi masa bayani, kada ya zo da mota da fushi. In ta nace sai ta je, ki bar ta ta yi kwana biyu, ki je da kanki ki dawo da ita.

Ke kuma ki nemi hutunki wurin shugabarku, ki samu abokiyar aikin da za ku riƙa sauke wa juna abin da kuka gani kafin ku kama hanya.

In Mama ta sake kamo hannunki, ki juya wa agogon nan baya, ki ce ta ƙarasa miki mafarkin da ta yi da babanku. Allah ya ba ta lafiya, ya huce miki gajiya.